Muhajir Ya Faɗi a Gwajin Gudu

Hajj Yusuf, Khartum
Yuni, 1996

Zuwa ga Baffa Yakubu, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffa, 'yarka Ni'mat ce, ta marigayi ɗan'uwanka Ishaku. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Goggo Mero da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? A wasiƙarka ta bayan Babbar Sallah ka ce tana hana ka zuwa masallaci da asuba. Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙarancin ruwa. Inna Hajara tana fama da ciwon baya saboda zaman tuyar kisra, wainar dawa mai falle-falle ta ƙasar nan, amma ta ƙi yarda ta huta. Ni kuma ina nan ina koyarwa a makarantar 'yan mata.

Baffa, Inna ce ta sa ni rubuto wannan, kuma a kan ƙanena Muhajir ne.

Sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, ya ci da kyau. Muna ta murna muna cewa sai jami'a. Ashe shi tuni ya haye Omdurman bai gaya wa kowa ba, ya ba da sunansa a Kulliyya Harbiyya, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Wadi Sayyidna. Muna cin abincin rana ya faɗa mana. Inna ta zare hannunta daga akushi ta ce, "Ni na haife ka ko gwamnati?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ko ban je ba, wata rana za a tare hafla, wato motar haya, a sauke ni a kai ni sansani, kamar yadda ake yi wa samari. Gara in shiga da ƙafata ta ƙofar gaba, in koyi aikin yadda ya kamata." Ta ce, "Ka tambayi Khadiga ina ɗanta." Khadiga maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya. Ɗanta Sharafaddeen ya tafi yaƙin Kudu bara, labarinsa kawai ya dawo.

Kawu Kabo, yayan Inna, shi dariya ma ya yi. Ya ce tun da aka kafa makarantar nan bai taɓa jin wani daga zuriyarmu, masu tsinkar auduga a gonakin Jazira, ya leƙa ƙofarta ba. Ya ce yaro ya zo shagonsa na takalma a Kasuwar Libiya ya daina ɓata lokaci.

To ga saƙon Inna. Ta ce kai ne babba da ya rage mana a dangin Abba, kai ka yi soja, kai ka ga yaƙi da idonka. Ta ce ka rubuto ka hana shi, ba zai tsallake maganarka ba. Kullum hotonka da kaki, wanda ka ba Abba a Mina shekarar da kuka haɗu a hajji, yana maƙale a saman gadon Muhajir.

Ni kuwa Baffa ban san inda zan tsaya ba. In na kalli Inna sai in ce ya haƙura. In na ga ya dawo daga gudun safe yana haki, fuskarsa na walƙiya, sai in tsinci kaina ina wanke masa takalman gudu a bayan ɗaki kada ta gani.

Malam Jibirin mai fataucin turare zai kawo maka wannan idan ya sauka Kano. Muna jiran amsarka.

'Yarka,
Ni'mat Ishaku Ɗantani


Tudun Wada, Zariya
Agusta, 1996

Zuwa ga 'yata Ni'mat.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, ta same mu cikin ruwan damina da ƙoshin lafiya. Ƙafa da sauƙi, sai dai ta ƙi jinin sanyi. Goggonki Mero tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Hajara ta riƙa sa matashi a baya in za ta zauna gaban wuta.

Ki karanta wa Hajara wannan a hankali, kada ki rage komai.

Hajara, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi yaƙin basasar ƙasarmu tun ina saurayi, kuma har yau akwai sunayen da ba na iya ambata sai na yi shiru. Tsoronki gaskiya ne. Amma ba zan hana yaron nan ba. Na ga hafsan da ya kai mutanensa ga halaka saboda girman kai, na kuma ga wani ƙaramin laftana da ba ya cin abinci sai ya tabbata kowa ya ci, ya fito da mu daga inda ba mu zaci za mu fita ba. Tunda ana kwasar 'ya'yan mutane ana kai su, to ya kamata a samu masu tausayi a gabansu. Yaron da Ishaku ya rena, wanda aka ce shi ke ɗebo miki ruwa kafin ya tafi makaranta, irinsa ake nema. Ki yafe mini. Kin nemi abu a wurina, na ba ki wani daban.

Yanzu kai Muhajir, miƙe tsaye ka saurara. Na kai samanja kafin in ajiye kaki, kurata nawa suka bi ta hannuna a barikin nan na Zariya, Allah kaɗai ya sani. Ranar gwajin gudu kada ka sa sabon takalmi. Kada ka yi gaba tun farko, ka bar masu zumuɗi su ƙone, ka bi su a baya kana tsince su ɗaya bayan ɗaya. In aka shigar da kai gaban manya, ka tsaya kamar an dasa ka, ka amsa abin da aka tambaye ka, ka yi shiru. In sun tambayi asalinka, ka faɗa da ƙarfi. Kakanka Ɗantani, yayan mahaifina, da ƙafa ya taka daga ƙasar Zazzau har bakin Nilu da niyyar hajji. Babu abin kunya a sunan mutumin da ya yi wannan tafiya.

Kabo kuma a gaishe shi. A ce na ce ya tanadi safa.

Ni'mat, na riga na ba da labari a majalisarmu ta tsofaffin sojoji, wadda muke yi da la'asar a ƙofar mai gyaran rediyo. Wasu sun ce ba su san muna da dangi a Sudan ba. Yanzu kullum sai sun tambaye ni, "Samanja, ina labarin hafsanmu?" Don haka kada ki bar ni cikin duhu.

Baffanku,
Yakubu


Hajj Yusuf
Satumba, 1996

Baffa, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Goggo da kowa. Ka yi haƙuri da gajartar wannan. Malam Jibirin yana tsaye a ƙofar gida, motar da za ta kai shi filin jirgi tana jira.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta wa Inna duka. Ta tashi ta koma gaban murhu.

Muhajir ya wuce gwajin likita a Omdurman lafiya lau, ido da ƙirji da komai. Amma ya faɗi a gwajin gudu ranar Asabar. Tun da ya dawo yake kwance, ba ya son magana. Inna ta yi kuka har ta gaji. Kawu Kabo ya zo ya ce ai shi ya faɗa tun farko.

Malam Jibirin yana ƙwanƙwasa ƙofa. Zan rubuto da cikakken bayani. A sa mu a addu'a.

Ni'mat


Tudun Wada, Zariya
Oktoba, 1996

'Yata Ni'mat,

Aminci ya tabbata a gare ku. Muna lafiya, an fara girbin dawa. Ina fata jikin Hajara da sauƙi.

Na karanta takardarki a zaure, na ninke ta, na sake buɗewa ko na yi kuskuren gani. Haruffan Larabcin nan da muke rubuta Hausa da su, idona ya fara yi musu wuya, sai na kira Mero ta riƙe mini a haske. Abin da na gani da farko shi ne dai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban ɓoye miki ba, ranar ban ci tuwo ba. Na yi ta tuhumar kaina, ko shawarar da na ba shi ce ta cuce shi. Na ce ya bar su su yi gaba, watakila ya bar su sun yi nisan da ba ya kamuwa. Gudun da na sani na ƙasar da ke da inuwa ne, ban yi la'akari da ranarku ba.

Kwana biyu ban je majalisa ba. Da na je suka tare ni da tambayarsu ta kullum. Na ce, "Yaro bai samu ba." Wani tsohon kofur da muka yi yaƙi tare ya cire hularsa ya riƙe a hannu, kamar an yi rasuwa.

Muhajir, ɗana, ɗago kanka. Na ga jarumai da gwaji ya kayar, suka zama mutanen kirki a wani fagen. In zaman Khartum ya yi maka nauyi saboda bakin mutane, ka taho Zariya. Ga jami'a nan kusa da mu, ga ɗaki a gidana babu kowa a ciki. Mero har ta fara share shi, ban ma gama maganar ba.

Hajara, Allah ya karɓi addu'arki, ya bar miki ɗanki a gabanki. Ke kika fi mu gaskiya a wurin Allah. Yanzu sai hankalinki ya kwanta.

Ku yi haƙuri duka.

Baffanku,
Yakubu


Hajj Yusuf
Nuwamba, 1996

Baffana, Baffana!

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya ƙwarai, ina fata ku ma haka. Ka kira Goggo Mero ta zauna kusa da kai, ka ce ta ajiye tsintsiya. An ɗauki Muhajir! Yana Wadi Sayyidna yanzu haka da nake rubutu, an aske masa kai ƙwal.

Laifin alƙalamina ne da gaggawar Malam Jibirin. Da na ce ya faɗi, faɗuwa ƙasa nake nufi. Sun kusa ƙarshen gudun, yana tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka ce, sai wani yaro a gabansa ya yanke jiki, shi kuma ya yi tuntuɓe da shi ya kifa a kan tsakuwa. Gwiwa ta fashe, haɓa ta tsage. Ya miƙe da jini har cikin takalmi ya ƙarasa, kuma ya shiga cikin lokaci. Kwanciyar da ya yi ta ciwo ce, shirun kuma ɗinkin haɓa ne. Kukan Inna na ganin rigarsa ne.

Bayan ya warware aka kira shi mu'ayana, wato tsayuwa gaban manya. Kawu Kabo ya zo musamman ya ja shi gefe ya ce, "In sun tambayi ƙabila, ka ambaci wata, Larabcinka ba ya nuna komai." Muhajir ya ce, "To, Kawu," ya tafi.

Bayan azahar aka shigar da shi. Ya ce manyan hafsoshi ne jere a bayan dogon tebur, na tsakiya mai furfura. Suka tambayi tabon haɓarsa, ya faɗa. Suka tambayi aikin mahaifinsa, ya ce leburan auduga ne a Jazira, Allah ya ji ƙansa. Sai mai furfurar ya ce, "Ƙabila?" Ya ce, "Hausa, siyadtak," wato ranka ya daɗe. Ya ce har tagar ɗakin sai da ta amsa. Mutumin ya dube shi ta saman tabarau, ya ce da Hausa, "Ina kwana?" Baffa, ka san abin da ɗanka ya yi? Ya ce, "Lafiya lau, siyadtak. Amma yanzu ina wuni ake cewa." Wani a gefe ya rufe baki da takarda. Aka ce ya tafi.

Ya dawo gida ya zube a kan angarib, gadonmu na igiya, ya ce shi ke nan, Baffa ya ce in amsa in yi shiru, ni kuma na gyara wa janar gaisuwa.

Muna cikin wannan jiran ne wasiƙarka ta jaje ta iso. Na fara karantawa a tsakar gida ban san abin da ke ciki ba. Muhajir ya ɗauka mummunar alama ce. Da na zo inda ka ce Allah ya karɓi addu'ar Inna, sai ta ajiye abin juya kisra ta miƙe. Ban taɓa ganin ta miƙe da sauri haka ba tun da bayan nan ya kama ta. Ta ce, "Wa ya gaya masa ɗana ya faɗi?" Na ce, "Ni ce, Inna." Ta ce, "Ɗana ƙasa ya sha, ya tashi ya ƙarasa! Wace addu'a kuma? Tun ranar da na wanke jinin nan daga rigarsa na sauya addu'a. Yaron da ya yi gudu da fasasshiyar gwiwa, in ba su ɗauke shi ba su suka yi asara." Muhajir ya kalle ta, ya je ya durƙusa ya kama ƙafafunta.

Aka ce za a karanta sunaye a gidan rediyon Omdurman ranar Alhamis da la'asar. Muka kewaye rediyo. Ana bin haruffa ne, kuma ka san mim, harafin farkon sunansa, tana can ƙasa. An zo tsakiya sai wuta ta ɗauke, batir ɗinmu kuma ya mutu tuntuni. Muhajir ya yi waje da gudu zuwa kanti babu takalmi. Yana fita muka ji guɗa ta bayan katanga. Sai ga Khadiga, mahaifiyar Sharafaddeen, ta shigo rungume da 'yar rediyonta, mayafi na jan ƙasa, tana cewa, "Hajara, mabruk, barka! Muhajir Ishaƙ Dantani! Da kunnena na ji, har mai karantawar ya yi tuntuɓe a sunan kakan!" Matar da tun bara ba wanda ya ji dariyarta. Suka rungume juna da Inna suna kuka suna guɗa. Shi kuwa mai sunan yana can yana jiran canji a kanti, sai yaran unguwa ne suka gaya masa. Ya dawo a kafaɗun samari, batir a hannu.

Har magariba gidanmu bai ɗauki mutane ba. Na dafa shayi har tukunya ta gaji. Tsofaffin da suka yi aikin auduga da Abba suka zo daga unguwannin Mayo da Ummbadda, wani ya riƙe hannun Muhajir ya ƙi saki, yana ta cewa, "Ɗan Ishaku, ɗan Ishaku." Kawu Kabo ya iso da safa dozin guda da takalmi sabo, yana gaya wa kowa shi tun yaron yana goye ya ga alamar soja a tafiyarsa.

Ranar shiga mun raka shi. Hafla zuwa Suk al-Arabi, wata zuwa Omdurman, wata zuwa Wadi Sayyidna, da akwatin ƙarfe a cinyarmu. Inna ta cika buhu da dabino da dakkwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, da busasshiyar kisra. A ƙofa wani kofur ya ce abinci ba ya shiga. Ba ta yi gardama ba, ta zauna a gindin bishiya ta raba wa sauran iyaye mata. Kafin ya shiga ta kama kunnensa kamar ƙaramin yaro ta ce, "Na yarda. Amma duk ɗan da aka ba ka, ka tuna yana da uwa." Ya ce, "Na ji, Inna." Yana ƙetare ƙofa aka daka musu tsawa, sai muka hango shi akwati a ka yana gudu cikin ƙura tare da sauran. Inna ta ce, "Ji mugunta, gwiwar ko gama warkewa ba ta yi ba." Amma murmushi take yi.

Ya bar maka saƙo. Ya ce tsohon takalmin ya sa, kamar yadda ka umarta.

Ka yafe mini baƙin cikin da na jawo maka.

'Yarka,
Ni'mat


Tudun Wada, Zariya
Disamba, 1996

Ni'mat, 'yar albarka,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyarmu ƙalau. Ƙafa kuwa ban san inda ciwonta ya shiga ba tun shekaranjiya.

Jibirin ya kawo takardarki ina alwala. Layin farko na karanta na bar buta a nan. Mero ta ce ihun da na yi, ta zaci gobara ce. Na yi sujada a tsakar gida, na tashi na sa hula na nufi majalisa ban ɗauki sanda ba. Na tsaya a gabansu na ce, "Maganar da na faɗa muku kwanaki, na janye ta." Na karanta musu tun daga sama har ƙasa. Da na zo wurin ina kwana da ina wuni, mai gyaran rediyo ya yi dariya har ya ƙona yatsa. Sun ce a gaya wa yaro janar ɗin nan ya ga abin da yake nema, mutumin da ba ya barin kuskure ya wuce don tsoro. Sun kuma yanke miki hukunci: daga yau in wani ya faɗi, ki rubuta ko ƙasa ce ko jarrabawa.

Hajara, na ji abin da kika gaya masa a ƙofa. Duk shekarun da na yi ina koyar da kurata ban taɓa faɗin abin da ya kai shi ba. Tsoronki yana nan, nawa ma yana nan. Mun yi saukar Alƙur'ani jiya, mun roƙi Allah ya kashe wutar Kudu kafin yaron nan ya fito, ya mayar wa kowace uwa ɗanta. A gaishe mini da Khadiga gaisuwa ta musamman. A ce wani tsoho a Zariya yana sa Sharafaddeen a addu'a.

Ni'mat, ki tambayo mini watan da ake yaye su, da ko ana barin baƙo daga wata ƙasa ya shiga filin fareti. Na san da sauran shekaru, Mero ma ta faɗa mini, ta ce gaggawar me nake yi. Ban saurare ta ba. Yau da safe na shiga Sabon Gari a ɗauke ni hoton fasfo. Mai hoton ya ce, "Baba, rufe baki, ba a yin na fasfo da dariya." Na rufe, ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Baba, har yanzu." Muka yi ta sakewa har ya gaji ya ɗauka a haka. Ga ɗaya nan na sa a cikin takardar, ku kai wa Muhajir ranar ziyara.

Baffanku,
Samanja Yakubu, mai ritaya